Ilu Ya Tafi Da Wutsiyar Littafinmu

Bari in fara muku da ƙarshen, tunda ku 'yan yanzu ƙarshe kuke fara leƙawa: ba mu taɓa jin yadda labarin ya ƙare ba. Mutumin da ke riƙe da shafukan ƙarshe ya hau bayan mota ya tsallake iyaka da su a aljihunsa, kuma shi ko baƙi ɗaya na boko bai iya karantawa ba. Mu da muka iya karatun aka bar mu da kan littafin da cikinsa, muna kallon juna. Ga shi gemu ya yi fari fat, amma wallahi har yau in na ga alfadari, ko a hoto ne, sai gabana ya faɗi.

Abin da ya tono min zancen, kwanan baya na bi ta Bompai a adaidaita, sai na ce wa yaron ya ɗan tsaya a bakin masaƙar da na taɓa yi wa aiki. Get ɗin yana nan, tsatsa ta cinye shi. An kwashe kwanon rufin, ciyawa ta fito ta tagogi, awaki suna kiwo a inda muke jingine kekuna. Amma abin da ya fi tsorata ni shirun ne. Ku da kuka taso yanzu ba ku san Bompai tana da murya ba. Da can in jiniya ta yi kuka da safe, har Hotoro ana ji, matan gida da ita suke sanin lokacin ɗora koko. Titi ya cika da kekuna maƙil, ƙararrawa ƙiriring ƙiriring, masu fita aiki da masu shiga suna gaisawa a guje, masu ƙosai da masu ɗanwake sun jeru a jikin katanga, kwata tana gudu da ruwan rini, yau shuɗi gobe ja. In ka shiga zauren injinan saƙa kuwa, to ka yi sallama da kunnenka. Ko ihu ka yi na kusa da kai ba zai ji ba, sai dai magana da hannu. Burbuɗin auduga ya cika maka gashi da hanci, matashi ya fito da furfura kamar kakansa.

Ni a lokacin na gama sakandare ke nan, sakamako ya fito, na cinye tas, ina jiran kiran makarantar gaba. Kai, ina ji da kaina fa! Wando mai faɗin ƙafa, suma tuli guda, mataji a soke, ina tafe ina taku ɗaiɗai kamar ni na gina Kano. Kawuna ya samo min aikin wucin gadi a masaƙar, ina tura kurar zare daga sito zuwa wajen masu injin, wai kada zaman banza ya lalata ni. Duk wanda na gamu da shi sai na san yadda na yi na sako maganar jarrabawa. A nan ne Malam Sabo, akawun sito, ya gan ni wata rana na zauna a kan dilar yadi ina karanta takardar da aka ƙunso min ƙosai a ciki. Dattijo ne ɗan cikin gari, gidansu gidan malamai, ba ya dariya sai da dalili. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai yaro, wannan yunwar karatu ce ko ta ƙosai?" Na ce, "Malam, duka biyun." Ya ce in same su a gindin darbejiyar bayan katanga in an fito hutun azahar.

A gindin darbejiyar nan na tarar da abin da ban taɓa gani ba. Mutane ne masu son labari kamar me, littafi kuma ya yi musu kaɗan. In an samo guda mai kauri a wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, yawanci na Turanci, to jiran mutum ɗaya ya gama kafin ya ba wani zai kai mu baɗi. Sai Malam Sabo ya sa reza ya bi ta gadon bayansa ya raba shi uku, ya ɗinke kowane kashi da zaren masaƙa. Na farko kai, na tsakiya ciki, shafukan ƙarshe 'yan kaɗan su ne wutsiya. Bangon kuwa tun farko ake yage shi, don helma, mai kula da ma'aikata, in ya ga bango mai hoto a aljihun mutum ƙwacewa yake, amma takardu tsirara ya ɗauka na sito ne. Kai yana gaba ciki yana bin sa, daga masu aikin safe zuwa masu aikin yamma, a bakin get ake miƙawa kamar ana ba da goro. Har Sharada da Challawa suke zuwa ta hannun direban da ke kai kaya. In kashi ya je Challawa ya dawo ba sai an gaya maka ba, warin jima ya kama shi, don akwai namu a can, Bala mutumin Ringim, yana aiki a kamfanin fatu. Bala ya fi kowa son labari kuma ya fi kowa nawa. Da yatsa yake bin layi, leɓe yana motsi, in ya ci karo da kalmar da ta fi ƙarfinsa sai ya kwana a kanta.

Wutsiya ita ce ba ta yawo. An ce kafin zuwana akwai wani mai gyaran lantarki da ya saci kallon ƙarshe, ya zo teburin mai shayi ya fesa wa kowa wanda ya yi kisan. Aka yi dambe ranar, littafin ya ƙare a kwatar rini. Tun daga nan Malam Sabo ya kafa doka: wutsiya ba ta zama sai a hannun wanda bai iya boko ba, kuma ba a buɗe ta sai kowa ya gama ciki. Ranar buɗewa a taru ranar Lahadi, a dafa shayi, mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi kowa ya ji tare. Yana cewa, "Ba a sauke tukunya don mutum ɗaya ya ji yunwa." Yanzu kam jikata tana kwance tana latsa waya, a turo musu shafi ɗaya a guruf, kafin ta gama wata ta riga ta rubuto wanda zai mutu, sai dariya kawai su wuce wani labarin. Mu a lokacinmu wannan laifi ne da zai sa a daina amsa maka sallama.

Mai riƙon wutsiya shi ne Ilu. Dogo ne siriri, mutumin wajen Tasawa ta ƙasar Nijar, yana kan injin saƙa tun ina goye. Alƙur'ani ka ba shi ya karanta maka kamar ruwa, amma boko ko sunansa bai gane ba. Ya ɗinka wa wutsiya 'yar jakar fata yana rataye ta cikin riga, har sababbin ma'aikata suna cewa laya ce, wai shi ya sa inji bai taɓa cin yatsansa ba. Ni aka ɗora wa aikin fassara masa da sauran waɗanda ba su iya ba, kullum bayan sallar azahar, muna cin rogo da ƙuli. Shi "ɗan lakwal" yake ce min, wato ɗan makaranta a bakinsu. Ni kuma ina tsokanarsa, "Baba Ilu, ku da ko Turanci ba ku ji, me kuke yi da littafin Bature a ƙirji?" Sai ya ce, "Jaki ma shina ɗaukar littattahan malam, ka taɓa ji ya ɓatar da ɗaya?"

Littafin da ya zame mana na ƙarshe, labarin wata yarinya ne da kawunta tsoho, sun ɗora wa alfadari magani za su kai wani ƙauye a bayan duwatsu, a ƙasar da ƙanƙara ke rufe hanya. Ba wani abin fashewa a ciki. Abu ɗaya ne kawai: duk inda suka yada zango, in sun waiwaya sai su hango hayaƙin wutar wani a bayansu, kuma kullum hayaƙin yana ƙara matsowa. Ba su san ko wane ne ba, mu ma ba mu sani ba. Wasu suka ce ɗan fashi ne, Malam Sabo ya ce uban yarinyar ne da aka ce ya mutu, aka yi ta musu. Ilu shi ba ruwansa da mai hayaƙi. Ɗan makiyaya ne, damuwarsa dabbar. "Yau mi ya ci? Sun sauke mishi kaya da za su kwanta? Wannan tsoho bai san dabba ba, ka gaya mishi." Ko a cikin zauren injina in na turo kura ta kusa da shi, sai ya ɗora yatsu biyu a ka kamar kunnuwa ya ɗaga min gira, wato alfadarin fa? Ni kuma in ɗaga masa babban yatsa.

Muna tsakiyar cikin nan ne abubuwa suka fara canjawa, a hankali, yadda ba za ka ce ga ranar da aka fara ba. Motocin auduga suka ragu. Inji ya lalace a ce ana jiran kayan gyara daga waje, sai a lulluɓe shi da buhu, gobe a lulluɓe na kusa da shi, layi guda ya koma kamar an jera gawa. Aka soke aikin yamma. Mai ɗanwake ta daina kawo tukunya biyu. Maigadin da kullum yake tsokanarmu ya koma duban ƙasa in muna wucewa. Ranar da abin ya shige ni sosai, ina cikin zauren injina sai na ji wani ya yi tari a can ƙarshe. Tari fa! A wurin da da ko ganga aka buga ba a ji. Na ga manya sun ɗago kai sun dubi juna. Ni dai da yake kira na makaranta ya kusa, ina ta murnata, ina ce wa kowa ai gyara ake yi.

Sai kuma rediyon mai shayi ya kawo maganar da ta fi wannan. Wai duk baƙon da ba shi da takardun zama ya tattara ya koma ƙasarsu, an ba da ɗan wa'adi, kuma kamfanin da aka samu yana ɓoye su zai ɗanɗana kuɗarsa. Da farko dariya muka yi. Wa zai kalli Ilu ya ce baƙo? Hausarsa tamu, sallarsa tamu, ya fi rabinmu sanin lungunan Kano. Amma sai muka fara ganin manyan motoci suna bi ta hanyar Katsina da ta Daura, an ɗaure katifu da tukwane a sama, mata da yara a zaune a kai. Masu gadi 'yan ƙasar su Ilu suka fara ɓacewa daga ƙofofin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, ka zo da safe ka tarar da benci ba kowa. Helma ya fara kiran mutane ofis, su shiga da hula a ka su fito da ita a hannu.

A daidai lokacin kowa ya gama ciki sai Bala. Kuma inda cikin ya tsaya, kai jama'a! Sun kai wata 'yar bukka a kan dutse, tsohon ba lafiya, hayaƙin nan ya ɓace gaba ɗaya, sai alfadarin ya daina cin abinci ya miƙe kunnuwa yana kallon ƙofa. Shafi ya ƙare a nan. Sauran yana ƙirjin Ilu.

Ranar da aka kira Ilu ofis, ya fito ya zo gindin darbejiya ya zauna, bai taɓa rogonsa ba. Can ya ce, "Malam, ina roƙon arziki. A buɗe wutsiyar ga yau."

Malam Sabo ya ce, "Bala bai gama ba."

"Bala shina da lokaci. Ni ban sani ba."

"Haba Ilu. Wannan maganar ba da irinku ake ba. Kai da ka riga ni zuwa Bompai? Iska ce, za ta wuce. Na aika wa Bala, ya rantse ran Lahadi zai zo da shi a gama. Kwana nawa ne?"

Wani ya ce, "In aka kore ka ma ai sai mu ɓoye ka a cikin dila, a kai ka kasuwar Kwari a sayar." Aka yi dariya, irin dariyar da ba ta kai ciki. Ilu ma ya murmusa ya ce, "Wa za ya sayi yadi mai ƙashi haka?" Ya shafa ƙirjinsa wajen jakar, ya ce, "To, Allah shi kai mu Lahadin."

Da aka tashi na bi shi har wajen kekuna. Na ce, "Baba Ilu, ku kawo ta nan. Mu zagaya bayan sito in karanta muku yanzu-yanzu, shafi nawa ne? Wallahi ko a lahira ba mai ji daga bakina." Ya tsaya ya dube ni, har na ga kamar hannunsa zai shiga riga. Sai ya ce, "Ɗan lakwal, riƙo aka ba ni, ba a ba ni ci ba. Na roƙa a gaban kowa, an ce a jira. In na bi ta bayan sito, mi ya raba ni da mai lantarki?" Ya hau kekensa. Har ya ɗan yi gaba ya juyo ya ce, "Amma kai da ka san halin masu rubutun ga, suna kashe dabba?" Na ce ba sa kashewa. Ban sani ba, na dai faɗa.

Ran Lahadi tun hantsi muka hallara. An share gindin darbejiya, an shimfiɗa tabarmi, mai shayi ya kawo butarsa, har gurasa Malam Sabo ya sayo. Kamfanin a rufe, unguwar tsit, sai kukan kurciya. Can sai ga Bala daga Na'ibawa a kan keke, ya jiƙe da gumi, yana ɗaga cikin sama yana ihu tun daga nesa, "Na gama! Wallahi na gama! Ina Buzun nan, ya fito da ita!" Aka yi masa tafi, aka ce yau kunkuru ya iso Makka. Muka zauna jiran Ilu. Shayi ya huce aka sake ɗorawa. Duk ƙararrawar keken da aka ji sai kowa ya waiwaya. Da aka kira azahar Malam Sabo ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce min, "Ɗauko kekenka."

Gidan haya ne a Hotoro, ɗakuna a jere. Ɗakin Ilu a buɗe, ba tabarma ba buta, sai ƙusa a bango. Matar mai gidan, wata dattijuwa mai yawan magana, ta leƙo daga soro. Malam Sabo ya gaishe ta ya tambaya. Ta ce, "Ayya, ai sun tafi tun bayan asuba. Mota ce ta samu ta mutanensu, aka ce in ba su bi wannan ba ba a san ta gaba ba. Bawan Allah, har da share ɗakin."

"Bai bar saƙo ba, Hajiya? Wata 'yar jaka ta fata?"

"Af! Ku ne masu layar? Ai ya so ya bari. Ya ciro ta ya miƙo min, har na kama, sai ya ce, Inna, akwai mai karatun boko a gidan ga? Na ce sosai ma, ai Sani nawa ba abin da ba ya karantawa, ko takarda ya tsinta a ƙasa sai ya ga bayanta, har ta Turawa. Sai kawai mutumin nan ya janye hannu. Ya bi ɗakunan nan ɗaya-ɗaya yana tambaya, ko'ina akwai ɗan makaranta. Direba yana ta hon. Ya mayar da ita cikin riga."

Malam Sabo ya ce, "Bai ce komai ba?"

"Ya ce in wani malami mai tabarau ya zo, a gaya masa amana tana nan, ba wanda ya leƙa. In hanya ta buɗe zai kawo."

Ban taɓa ganin Malam Sabo ya karaya ba sai ranar. A dakalin ƙofar gidan ya zauna, ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Mun nema fa, kada ku ce ba mu nema ba. Ni da Bala mun bi duk masu baza littattafai a Kano muna tambayar littafin alfadari da hayaƙi. Su ce sunansa? Ba mu sani ba. Wa ya rubuta? Bangon ya daɗe a juji, shafin sunan ma da shi aka yage. Wani ya ce mana mu je Kasuwar 'Yan Awaki. Mun yi ta ba direbobin hanyar Maraɗi saƙo, wa zai gano Ilu ɗaya a ƙasar da kowane gida akwai Ilu? Malam Sabo bai ƙara sa reza a jikin littafi ba. Ni na tafi makarantar da nake ta rawar kai a kanta, da na dawo hutu na tarar an rufe layin su Ilu gaba ɗaya, daga baya jiniyar ma ta yi shiru. Na karanta littattafai bayan nan ba adadi, har na zama mai koyar da su, amma duk wanda na kusa ƙarshensa sai in ji hannuna ya yi nauyi.

Abin da ke hana ni sakat, mu ai da sauƙi, mun rasa ƙarshen labari ne kawai. Shi yana tare da shi. Na san halin mutumin nan. In dai yana da rai, jakar tana nan a ɗinke, ga jikoki 'yan lakwal cike da gida, kuma ba zai bari ko ɗaya ya taɓa ba, don a saninsa har yanzu Bala bai gama ba. Malam Sabo ya rasu. Bala yana nan a Zawaciki, ido ya yi rauni, jikarsa ce ke karanta masa.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya tura gaba, musamman guruf-guruf ɗin da ke da mutanen Tasawa da Maraɗi. Ilu ne, dogo, ya yi aikin masaƙa a Bompai. In ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa su duba kayansa, takardun Turanci ne a jakar fata, ɗinke da shuɗin zare. In kuma yana raye, ba sai an kawo mana komai ba. A samu yaro mai Turanci ya zauna kusa da shi, a gaya masa Bala ya gama, a buɗe a karanta masa.